Tower Hamlets: ƙaramar hukumar Landan da kotu ta tsige magajin garinta, jama'a suka dawo da shi

Akwai wani tsohon ginin bulo a kan titin Brick Lane a gabashin Landan, daidai kwanar titin Fournier, in ka bi ta wajen ranar Juma'a za ka ga mutane da huluna da jallabiyu suna ta shiga, masallaci ne. Amma ba a matsayin masallaci aka gina shi ba. A 1743 wasu Faransawa Kiristoci da suka gudo daga ƙasarsu saboda tsangwamar addini suka gina shi a matsayin coci, daga baya wajen ƙarshen ƙarni na 19 Yahudawan da suka gudo daga gabashin Turai suka mayar da shi wurin ibadarsu, sai a 1976 mutanen Bangladesh suka saye shi ya zama masallaci. To wannan ginin yana cikin ƙaramar hukumar da ake kira Tower Hamlets, kuma gaskiya ni dai a ganina duk wanda bai fahimci labarin ginin nan ba to ba zai gane zaɓukan da ake yi a wurin ba, domin tun asali rigimar ɗaya ce, baƙo ya zo ya zauna, ya tarar an riga an raba gidaje da muƙamai babu shi, sai ya haɗa kan 'yan uwansa su nufi akwatin zaɓe.

Bari mu fara da yadda tsarin yake don kar mu rikice. Landan ba ƙaramar hukuma ɗaya ba ce, dokar 1963 ta raba ta gida 32, aka yi zaɓen farko a watan Mayun 1964, sababbin hukumomin suka fara aiki a Afrilun 1965. Tower Hamlets an samar da ita ne ta hanyar haɗe tsofaffin hukumomi uku, Stepney da Poplar da Bethnal Green. Duk shekara huɗu ake zaɓen kansiloli gaba ɗaya rana guda, kowace mazaɓa tana da kansila ɗaya ko biyu ko uku, kai mai zaɓe yawan kujerun mazaɓarku shi ne yawan ƙuri'unka, wanda ya fi yawa ya ci, ba zagaye na biyu. Kuma ba wasa ba ne wannan kujera ta kansila, domin hukumar ce ke raba gidajen gwamnati masu sauƙin haya, ita ke kula da tsofaffi da marayu, ita ke ba da izinin gini, ita ke kwashe shara, ita ke raba tallafi ga ƙungiyoyin unguwa. Ga wani abu da ya shafe mu, ɗan Najeriya ko Ghana ko Kamaru da ke zaune a Birtaniya da takardun zama yana da ikon kaɗa ƙuri'a a irin wannan zaɓe saboda ƙasarsa tana cikin ƙungiyar Commonwealth, kuma ta wannan ƙofar ce mutanen Bangladesh da yawa suka shiga rajistar zaɓe tun kafin su samu fasfon Birtaniya.

Tun kafin a haɗe hukumomin nan uku wurin ya yi suna da taurin kai. A 1921 kansilolin Poplar ƙarƙashin George Lansbury suka ce ba za su karɓi wani kaso na haraji daga talakawansu su miƙa wa hukumomin Landan na sama ba, dalilinsu shi ne unguwarsu ta fi kowa marasa aikin yi amma ita kaɗai aka bar wa nauyin ciyar da su alhali unguwannin masu kuɗi suna biyan kaɗan. Aka kama kansiloli 30 aka kulle, maza a kurkukun Brixton mata a Holloway, suka yi kusan mako shida a ciki, har taron majalisar sai da aka yi a cikin gidan yari, ƙarshe gwamnati ta sauko aka gyara yadda ake raba nauyin. A 1936 kuma aka yi arangamar titin Cable inda Yahudawa da leburorin tashar jirgin ruwa da sauran jama'a suka tare hanya suka hana 'yan fasist na Oswald Mosley, masu aƙidar ƙin jinin Yahudawa, wucewa, shekara ɗaya bayan haka Phil Piratin ɗan jam'iyyar Kwaminis ya ci kansila a Stepney, kuma ba da dogon turanci ya ci ba, da rigimar haya ya ci, yana tsaya wa 'yan haya a gaban masu gidaje.

Da aka zo zaɓen 1964 jam'iyyar Leba ta kwashe kusan duka kujeru 60, Kwaminis suka tsira da 'yan kaɗan. A 1968 ma da Leba ta sha mugun kaye a kusan duk faɗin Landan, Tower Hamlets tana cikin 'yan ƙalilan da suka tsaya mata, a 1974 kuwa ko kujera ɗaya ba ta kuɓuce mata ba. Kuma a nan matsalar ta fara, domin jam'iyyar da ba ta da abokin hamayya ba ta jin kiran kowa, wasu 'yan tsirarun dattawa ne ke juya rassan jam'iyya, wanda suka tsayar shi ne kansila, jama'a ma ba sa fitowa zaɓe sosai tunda an san sakamako. A daidai lokacin tashoshin jiragen ruwan da suka ciyar da unguwar shekara da shekaru suna ta rufewa ɗaya bayan ɗaya, mutanen Sylhet na Bangladesh kuma suna ta kwaso iyalansu suna zuwa, suna aikin ɗinki a ƙananan masana'antu, suna cunkushe a ruɓaɓɓun gidaje a Spitalfields, wasu ma fasa gidajen da babu kowa suke yi su shiga saboda layin neman gidan hukuma ba ya zuwa kansu.

Ranar 4 ga Mayun 1978 ranar zaɓen kansiloli ce. Da yammacin ranar wani matashi tela ɗan Bangladesh mai suna Altab Ali ya taso daga aiki zai koma gida, wasu samari uku suka tare shi kusa da titin Whitechapel suka daɓa masa wuƙa ya rasu. A zaɓen ranar jam'iyyar wariyar launin fata ta National Front ta tsayar da 'yan takara da yawa a unguwar. Kwana goma bayan haka dubban mutane suka bi akwatin gawarsa cikin ruwan sama har zuwa ofishin firaminista, kuma daga nan ne matasan Bangladesh suka daina ɓuya, suka kafa ƙungiyoyi, suka fara yankar katin jam'iyya, a zaɓen 1982 aka samu kansiloli na farko daga cikinsu. Filin da ke kusa da inda aka kashe shi yanzu sunansa yake ɗauke da shi, in ka shiga za ka ga kwafin hasumiyar tunawa da shahidan harshen Bengali a gefe guda.

Amma ba su kaɗai ne suka gaji da Leba ba. Turawa talakawa na tsofaffin rukunan gidaje su ma sun gaji, rufi na yoyo, lif ya lalace, ka je ofis ba mai kula ka. 'Yan jam'iyyar Libaral suka gane wannan, suka riƙa bi ƙofa ƙofa da 'yan takardunsu suna maganar kwata da fitilar titi, suka ci kujeru 7 a 1978, suka ƙaru a 1982, sai ga shi a 1986 sun ƙwace hukumar da ɗan ƙaramin rinjaye. Sun yi wani abu da ba a saba gani ba, suka raba hukumar gida bakwai, kowane yanki da ofishinsa da kasafinsa da kansilolinsa ke juyawa, wai mulki ya matso kusa da jama'a. Tunanin mai kyau ne wallahi, sai dai a wajen rabon gida ya zama masifa, domin sun fito da tsarin fifita 'ya'yan tsofaffin mazauna unguwa wajen ba da gida, ka ga kenan wanda ubansa ya daɗe a wurin shi ne gaba, wanda ya zo daga Sylhet shekara goma da suka wuce da 'ya'ya shida a ɗaki biyu shi ne baya. Ga shi dokar 1980 ta gwamnatin firaminista Margaret Thatcher ta bai wa 'yan haya damar sayen gidajen hukuma, gidajen suna raguwa ba a gina sababbi, ga shi a 1981 gwamnati ta ƙwace ikon ba da izinin gini a yankin tsofaffin tashoshin ruwa ta bai wa wata hukuma da ba zaɓenta aka yi ba, ita ce ta share fagen dogayen benayen Canary Wharf. Talaka yana leƙowa ta tagar gidansa mai yoyo yana ganin benen bankuna na tashi, kuma aka ce masa maƙwabcinsa ɗan Bangladesh ne ya hana shi gida.

Sakamakon wannan ya fito a Satumban 1993 a zaɓen cike gurbi na mazaɓar Millwall, inda Derek Beackon na jam'iyyar BNP ta masu wariyar launin fata ya ci da ratar ƙuri'a 7 kacal, shi ne kansila na farko da jam'iyyar ta taɓa samu a duk Birtaniya. Ƙuri'a bakwai fa, mutanen gida ɗaya. Uwar jam'iyyar Libaral ta ƙasa sai da ta kafa kwamitin bincike a kan takardun kamfe da reshenta na unguwar ke rabawa saboda zargin suna ruruta wutar ƙabilanci. A Mayun 1994 coci da masallaci da ƙungiyoyin ƙwadago suka fito da mutane zaɓe sosai, Beackon ya faɗi, Libaral suka faɗi, Leba ta dawo da kujeru 43 cikin 50, kuma wannan karon ƙuri'ar mutanen Bangladesh ce ƙashin bayanta.

Kusan shekara goma ana tafiya haka sai yaƙin Iraƙi na 2003 ya wargaza auren. Firaminista Tony Blair na Leba ne ya kai sojoji, Musulmin unguwar suka ji an ci amanarsu, a zaɓen majalisar ƙasa na 2005 George Galloway na sabuwar jam'iyyar Respect ya kayar da 'yar majalisar Leba Oona King da ƙuri'a 823, a zaɓen kansiloli na 2006 Respect ta ci kujeru 12, Leba ta tsira da 26 cikin 51, wato da kujera ɗaya ta riƙe rinjaye. Respect ba ta daɗe ba ta dare, amma ta bar darasi a zukatan mutane, cewa ashe ana iya kayar da Leba a nan.

To a nan Lutfur Rahman ya shigo. Lauya ne, an haife shi a Bangladesh ya tashi a unguwar, ya ci kansila a Leba a 2002, ya zama jagoran majalisar a 2008. A Mayun 2010 aka yi ƙuri'ar raba gardama, kusan kashi 60 suka amince a koma tsarin magajin gari mai cikakken iko wanda jama'a za su zaɓa kai tsaye, maimakon kansiloli su zaɓi jagora a tsakaninsu. Wannan canjin ba ƙarami ba ne, domin ya tattara kasafin kuɗi da naɗe-naɗe da rabon tallafi a hannun mutum ɗaya. 'Yan jam'iyya na unguwar suka zaɓi Lutfur ya yi musu takara, kwana kaɗan bayan haka kwamitin ƙoli na Leba ya cire shi bisa wasu zarge-zarge ba tare da an saurare shi ba, ya ɗora Helal Abbas wanda ya zo na uku a fidda gwani. Ni a ganina wannan shi ne babban kuskuren da Leba ta yi, kuma har yau ba ta gama biyan kuɗinsa ba, domin ta ba shi labarin da zai riƙa faɗa har abada, cewa an zalunce shi don shi ɗan Bangladesh ne kuma Musulmi. Ya tsaya a matsayin ɗan takara mai zaman kansa, ya ci a Oktoban 2010 da sama da rabin ƙuri'u, duk da cewa wajen kashi ɗaya cikin huɗu ne kawai na masu rajista suka fito. Shi ne Musulmi na farko da aka zaɓa magajin gari mai cikakken iko a Birtaniya.

A Mayun 2014 ya sake ci, ya kayar da John Biggs na Leba da ratar ƙuri'a dubu uku da 'yan kai, jam'iyyarsa Tower Hamlets First ta samu kansiloli 18, Leba 22, masu ra'ayin riƙau 5. Ƙirga ƙuri'un ma sai da ya ɗauki kwanaki ana ta cece-kuce. Sai wasu mutum huɗu masu zaɓe na unguwar, ba jam'iyya ba, ba 'yan sanda ba, suka shigar da ƙara a kotun zaɓe da aljihunsu, alhali sun san in sun faɗi kuɗin shari'a zai iya cinye gidajensu. Ranar 23 ga Afrilun 2015 alƙali Richard Mawrey ya karanta hukunci mai shafi wajen 200, ya soke zaɓen, ya haramta wa Lutfur takara shekara biyar. Abubuwan da kotu ta ce ta tabbatar suna da nauyi, akwai rajistar mutane a adireshin da ba nan suke zaune ba, akwai maguɗin ƙuri'ar gidan waya, akwai yaɗa ƙaryar cewa Biggs mai wariyar launin fata ne, akwai karkatar da tallafin hukuma zuwa ƙungiyoyin da ake sa ran za su kawo ƙuri'a, wanda alƙalin ya kira cin hanci.

Sai kuma wanda ya fi jawo surutu, wato amfani da addini wajen matsa wa mai zaɓe. Kwanaki kaɗan kafin zaɓen wata jaridar harshen Bengali ta buga wasiƙa mai sa hannun limamai da malamai 101 suna kiran jama'a su zaɓi Lutfur, alƙalin ya ce an nuna wa mutane cewa zaɓensa wajibi ne na addini, kuma dokar zaɓe ta 1983 ta hana tsoratar da mai zaɓe da cutarwar da ta shafi imaninsa. Wannan sashen doka an daɗe ba a taɓa shi ba, tun ƙarni na 19 a ƙasar Ayalan lokacin da limaman Katolika ke gaya wa mabiya wanda za su zaɓa. Mu da muka saba jin malami ya hau mumbari ya ce a zaɓi wane abin zai ba mu mamaki, kuma can ma ba kowa ya yarda da alƙalin ba, har wasu limaman coci sun ce to su ma ai suna faɗin ra'ayinsu a kan siyasa, me ya sa sai na Musulmi ne ya zama laifi, kuma yadda hukuncin ya siffanta Musulmin unguwar kamar mutanen da ba sa iya tunani da kansu ya yi wa da yawa ciwo. Ina ganin suna da gaskiya a wannan gaɓar. Amma ko ka cire maganar limamai gaba ɗaya, maganar ƙuri'ar bogi da tallafin hukuma tana nan, kuma waɗanda aka cuta da ita talakawan unguwar ne, har da 'yan Bangladesh ɗin da ƙungiyarsu ba ta samu ko kwabo ba don ba ta cikin 'yan gaban goshi. Wani abin lura shi ne kotun zaɓe ba kotun manyan laifuka ba ce, 'yan sanda sun bincika sun ce hujjar ba ta kai a gurfanar da kowa ba, don haka ba a ɗaure shi ba, kodayake an soke lasisinsa na lauya a 2017. Wannan giɓin shi ya bai wa kowane ɓangare abin riƙewa, wasu su ce kotu ta kama shi, wasu su ce to ina aka ɗaure shi?

Tun kafin hukuncin, a ƙarshen 2014, minista Eric Pickles ya turo kwamishinoni suka karɓe ikon raba tallafi daga hannun magajin gari. Shi Pickles ɗin ne kuma ya rubuta rahoto a 2016 a kan maguɗin zaɓe wanda ya jingina sosai da shari'ar Tower Hamlets, daga cikin abin da ya biyo baya akwai dokar 2022 da ta wajabta nuna katin shaida mai hoto kafin a ba ka takardar zaɓe a Ingila, abin da a da babu shi sam, sunanka da adireshinka kawai za ka faɗa a miƙo maka takarda. Ka ga rigimar unguwa ɗaya ta canza wa ƙasa guda yadda take zaɓe.

Biggs ya ci zaɓen da aka sake a Yunin 2015, ya ƙara ci a 2018, Leba ta kwashe kujeru 42 cikin 45, kowa ya ɗauka an rufe babin. A 2021 aka sake ƙuri'ar raba gardama, Leba tana son a soke kujerar magajin gari, mutanen Lutfur suna son a bar ta, sama da kashi uku cikin huɗu suka ce a bar ta. Daga nan mai hankali ya san abin da ke tafe. A Mayun 2022 haramcin ya riga ya ƙare, Lutfur ya tsaya a sabuwar jam'iyyarsa Aspire, ya kayar da Biggs da ratar ƙuri'a sama da 7,000, ninki biyu na ratar da kotu ta soke, Aspire ta ci kansiloli 24, Leba 19, kuma an yi zaɓen ne a ƙarƙashin tsauraran matakan sa ido, babu wanda ya kai ƙara aka soke shi.

Masu cewa ƙabilanci ne kawai suna da abin nunawa, domin duka kansilolin Aspire 24 da aka zaɓa a 2022 maza ne 'yan asalin Bangladesh, ko mace ɗaya babu, kuma wannan abin kunya ne a unguwar da ta fitar da Rushanara Ali da Apsana Begum zuwa majalisar ƙasa. Amma ƙidayar 2021 ta nuna mutanen hukumar sun ɗan haura 310,000, 'yan asalin Bangladesh wajen kashi 35 ne, Musulmi wajen kashi 40, kuma kansilolin Leba ma da yawansu 'yan Bangladesh ne, ashe al'ummar ita kanta a rabe take. Abin da Aspire ke da shi shi ne mutanenta suna fitowa, suna da rajista, sun san gida gida, yayin da matasa ma'aikatan banki da ke haya a sababbin benaye suna shekara biyu su tashi, da yawansu ba su san sunan kansilansu ba. Sannan Lutfur ya yi kamfe da abubuwan da ke taɓa tukunya, alkawarin gina gidaje a wurin da iyalai sama da 20,000 ke layin jira, dawo da tallafin ɗalibai, buɗe titunan da Leba ta toshe wa motoci wanda ya fusata masu tasi da 'yan kasuwa, kuma a 2023 hukumar ta zama ta farko a Ingila da ta fara ciyar da duk ɗaliban sakandare abincin rana kyauta. Uwar da ke da 'ya'ya uku a sakandare ta san abin da wannan ya rage mata a wata.

Ita ma gwamnatin ƙasa ba ta saki ba. A Fabrairun 2024 ta sake turo masu bincike, rahotonsu ya fito a Nuwamba yana cewa akwai rashin yarda mai tsanani tsakanin jam'iyyun majalisar kuma ana yanke shawara a cikin 'yan tsirarun makusantan magajin gari, a farkon 2025 aka turo wakilan minista su zauna a hukumar suna sa ido a kan yadda ake tafiyar da ita. Wannan karon ba a ƙwace masa iko kamar 2014 ba, an bar shi a ofishinsa a sabon ginin hukumar da ke tsohon asibitin Royal London a kan titin Whitechapel, tafiyar 'yan mintuna a ƙafa daga filin Altab Ali.